Yadda Aka Yaƙi Ciwon Barci a Ƙasar Ancau

Jama'a, wanda ya ji sunan Takalafiya, a ƙasar Zazzau, ya san ba a banza aka raɗa shi ba. Ga asalinsa.

Wajen 1930 ciwon barci ya yi ƙamari a Arewa, ƙasar Ancau kuwa tana cikin inda ya fi ɓarna. Ƙudan tsando ke kawo shi, mazauninsa kuwa inuwar kurmin bakin rafi, watau daidai inda mata ke ɗiban ruwa. Likitocin Gwamnati suka yi ta yawo ƙauye ƙauye suna duba wuyan mutane suna yin allura, amma wanda aka warkar bana sai ya koma rafi ya sake kamuwa baɗi. Da aka ga haka aka ce magani sai a raba mutum da ƙuda.

To, a nan ne aiki ya fi ƙarfin hukuma ɗaya. A 1937 Gwamnatin Nijeriya ta kafa dokar ciwon barci, wadda ta ba da ikon sa mutane saran kurmi. Ingila ta ba da kuɗin aikin shekara biyar daga asusun raya ƙasashen da take mulki. Wani Bature masanin ƙwari, Dokta Nash, ya riƙe aikin. Aka auna fili, tsawonsa kamar mil 70, faɗinsa kamar mil 10, aka sare bakin rafukansa, aka gina rijiyoyin siminti. Aka tashi mutum wajen 5,000 daga 'yan ƙauyukan da ke warwatse cikin daji aka tara su, don mutane kaɗan ba su iya riƙe rafi mai tsawo. Tsohon garin Ancau, da ya cushe cikin ganuwa, aka rage shi, aka kafa Takalafiya kusa da shi.

Amma fa a lura, Bature bai isa ya ce wa talaka ya bar kufan ubansa ba, sai da bakin Sarki. A shekarar nan ce Malam Ja'afaru ya hau gadon Zazzau. Umurni ya fito daga fada zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagatai da masu unguwa. Kurmi kuwa ba ya jin doka, kowace damina sai ya tofo, saboda haka kowane rani dagaci ne ke fid da magidanta da gatari da adda. A ganinmu wannan shi ne ƙashin bayan aikin, ko da yake ba shi aka fi yabo cikin takardu ba.

Abin mamaki, bayan shekara kamar ashirin wani malami Ba'amurke, Horace Miner, ya zo ya bincika. Ya tarar ana nan ana saran rafi, amma galibin masu saran ba su yarda ƙuda ke kawo ciwon ba. Suna yi ne don Sarki ya ce a yi.