Daga Gidan Magajiya Zuwa Gaban Alƙali: Waiwaye Kan 'Yan Daudu Da Neman Jinsi

Tun bayan rikicin Shari'a na shekarar 2000, Kogin Kaduna ya koma iyaka. Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci kuma suka gangaro kudu suka cika Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi da Narayi, har ana zolayar juna da kiran wancan tsallake Makka, wannan kuma Urushalima. Da wuya a sami batun da bakin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya a kansa. Amma da Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu kan dokar hana auren jinsi ranar 7 ga Janairun 2014, masallaci da coci duk sun yi na'am. Hujjar da aka fi ji a lokacin ita ce baƙuwar ɗabi'a ce da Turawa ke son cusa mana. Tarihin Arewa bai goyi bayan wannan zancen gaba ɗaya ba. Masu wannan hali sun daɗe a cikinmu. Abin da ya yi ta sauyawa cikin shekara ɗari shi ne wurin da jama'a ta ajiye su, da kuma wanda ke da ikon hukunta su.

Kafin zuwan Bature

Littattafan fiƙihun Malikiyya da almajirai ke karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Zazzau sun yi bayanin luwaɗi da maɗigo da hukuncinsu ƙarnuka kafin a ga Bature a ƙasar Hausa, kuma malami ba ya ɓata tawada kan abin da ba ya faruwa. Hukuncin luwaɗi mai tsanani ne, amma sharaɗin tabbatar da shi ma haka: shaidu huɗu da suka gani da ido, ko iƙirarin mai laifi da bakinsa. Malaman farko sun kuma tattauna namijin da ke da motsi da murya irin na mata. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba su gida biyu: wanda aka halitta haka, wanda babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wanda shi ne abin zargi.

A ɓangaren al'ada kuwa, 'yan daudu sun sami mafaka a bori. Ana danganta su da Ɗan Galadima, iskan nan ɗan sarauta mai son ado da kyauta da caca. Jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo na 1804 ya yaƙi bori, 'yarsa Nana Asma'u ta yi ta jan hankalin mata su rabu da shi, amma bai mutu ba. Ya fice daga fada ya koma bayan gari, ya tafi da masu garaya da mata masu zaman kansu da 'yan daudu.

Jirgin ƙasa da zaman bariki

Mulkin mallaka ne ya faɗaɗa musu fili ba tare da ya yi niyya ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garuruwan baƙi suka tsiro a gefen tashoshi da barikokin soja. Kaduna kanta gari ce ta baƙi da aka kafa a ƙasar Gbagyi, babu ganuwa, babu tsohuwar fada. Da masaƙar Kaduna Textiles ta buɗe a Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta soma aiki a 1980, sai kudancin kogi ya cika da gwauraye masu albashi da suka baro iyayensu a ƙauye. Sabon Tasha, a kan hanyar Kachiya da matatar, ta girma ne cikin wannan yanayi.

Duk inda aka tara gwauraye da matafiya a Arewa, akan sami gidan magajiya, kuma a nan ɗan daudu ya sami sana'a. Shi ne mai tuwo-tuwo, mai soya kaza da dankali a bakin tasha, mai kai saƙo tsakanin mata masu zaman kansu da masu nemansu, mai raya biki da rawa da habaici. Renée Pittin ta rubuta yadda wannan zama yake a Katsina a farkon shekarun 1970, Fremont Besmer kuma ya ga matsayinsu a borin Kano. Wasu sun tara jari har suka kai Jidda suna sayar da abinci.

Kada a ɗauka karɓuwa ce. Uba ba ya alfahari da ɗansa ya shiga daudu, malamai ba su daina wa'azi a kansu ba, yara kan bi su da ihu. Amma ana cin abincinsu, ana gayyatarsu biki, ana dariyar maganarsu. Jama'a ta ware musu gefe, ta ce su tsaya can. Ko a farkon shekarun 2000, fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa ya samu kasuwa ne domin kowa ya san irin mutumin da ake kwaikwayo.

Mai gida da mata, mai harka a waje

Ɗan daudu shi ne wanda ido ke gani, kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. Wanda ido bai gani ba shi ne abokin hulɗarsa. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990 ya kuma wallafa littafin Allah Made Us a 2009, ya tarar da maza da ke kiran kansu masu harka. Da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya, 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata, waɗanda babu abin da ya bambanta su da sauran maza a shiga ko magana. Su kansu 'yan daudun da dama sun yi aure sun haifa. Ba su ɗauki abin a matsayin wata ƙabila da mutum ke shiga ba, ba su kuma nemi a ɗaura musu aure da namiji ba. A wurinsu aure da haihuwa wajibi ne, harka kuwa sirri ce, wasu ma suna ɗaukarta zunubin da suke fatan tuba daga gare shi.

Wannan ya yi kusa da abin da masu bincike a Yamma suka jima suna nazari a kai, wato mutum mai sha'awar maza da mata duka. A 1948 Alfred Kinsey ya fito da ma'auni daga 0 zuwa 6, yana cewa mutane ba su kasu gida biyu cak ba, akwai masu yawa a tsakani. An soki yadda ya zaɓo mutanen da ya tambaya, amma ra'ayin ya zauna. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 'yan shekarun nan ta nuna fiye da rabin Amurkawan da suka ce ba sa cikin masu sha'awar kishiyar jinsi kaɗai, masu sha'awar ɓangarorin biyu ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990.

Game da asali, bincike mafi girma shi ne wanda mujallar Science ta buga a 2019, wanda ya duba ƙwayoyin gadon mutum kusan 480,000 a Birtaniya da Amurka. Ba a sami wata ƙwaya guda da ke haddasa shi ba. An ƙiyasta cewa ƙwayoyin da aka auna na bayyana kashi 8 zuwa 25 cikin ɗari na bambancin, kuma ba za a iya duba jinin mutum a faɗi halinsa ba. Kimiyya dai tana bayanin yadda abu yake ne. Halal da haram magana ce ta addini, kuma manyan addinan Kaduna biyu ba su sauya matsayinsu ba.

Dokar Bature, dokar Shari'a

Hukuncin ɗaurin shekara 14 da ke cikin dokokinmu gadon Ingila ne. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, an kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 284 ya tanadi wannan ɗauri, sashe na 405 kuma ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Ingila ta sassauta tata dokar a 1967, kotun ƙolin Indiya ta soke tata a 2018. A Arewa dokar ta daɗe a takarda, ba kasafai ake ɗaukota ba.

Abin ya juya ne daga Oktoban 1999, lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, jihohi 12, har da ita Zamfarar, suka bi wannan hanya. Aka rufe gidajen magajiya da mashaya, 'yan Hizba suka shiga sintiri, mata masu zaman kansu da 'yan daudu da yawa suka watse, wasu zuwa garuruwan gefen Abuja, wasu suka ƙetara Nijar, wasu suka tuɓe zane suka koma gida. A Kaduna, zanga-zangar 21 ga Fabrairun 2000 ta rikiɗe ta zama kashe-kashe, aka sake wani a watan Mayu, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum aƙalla 2,000 sun mutu. Gwamna Ahmed Maƙarfi ya ɓullo da sulhu a Nuwamban 2001: kotunan Shari'a ga Musulmi, na gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba. Mashaya da otal-otal suka fi taruwa a kudancin kogi.

Sai dai kudun ba ta zama mafaka ba, domin coci ma ta ɗaura ɗamara. Naɗa Gene Robinson, mai zama da namiji, a matsayin bishop a Amurka a 2003 ya girgiza ɗarikar Angalika, kuma Cocin Najeriya ƙarƙashin Peter Akinola ne ya jagoranci masu adawa, har masu adawar suka yi babban taronsu a birnin Urushalima a 2008. Kowane addini ya shiga nuna cewa ba a fi shi kishin tarbiyya ba. Duk da haka, daga Kaduna aka ji wata murya dabam. Bishop Josiah Idowu-Fearon, wanda ya zama babban sakataren ɗarikar ta duniya a 2015, yana kan koyarwar cocinsa game da aure, amma ya ce bai goyi bayan a mayar da mutanen masu laifin ɗauri ba.

Bayan 2014

Dokar 2014 ta tanadi shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren jinsi, shekara 10 ga mai halarta ko taimakawa ko shiga ƙungiyarsu. Binciken Pew na 2013 ya nuna kashi 98 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su yarda a karɓi neman jinsi ba, na 2019 kuma kashi 91. Abin lura shi ne dokar ta hana auren da masu harkar Arewa ba su taɓa nema ba, amma ta buɗe ƙofar farauta. A Janairun 2014 aka yi wa kotun Shari'a a Bauchi ruwan duwatsu ana neman a miƙo waɗanda ake tuhuma. A Fabrairu 'yan unguwa suka fito da mutane daga ɗakunansu a Gishiri, Abuja, suka lakaɗa musu duka. A Afrilun 2017 'yan sanda suka kama mutum 53 a wani otal a Zariya bisa zargin bikin auren jinsi. Sun musanta, lauyansu ya ce yawancinsu ɗalibai ne da suka je murnar ranar haihuwa. A Legas, shari'ar mutum 47 da aka gurfanar ƙarƙashin dokar ta watse a Oktoban 2020 saboda masu gabatar da ƙara sun kasa ci gaba da ita. Kame ya yi yawa, hujjar da za ta tsaya gaban alƙali ta yi ƙaranci.

Wayar hannu ta ƙarasa abin da ya rage. Haɗuwar da a da ake yi a rumfar mai soya kaza ta koma Facebook da WhatsApp, inda 'yan damfara ke yaudarar mutum su ɗauki hotonsa su yi ta tatsarsa, sun san ba zai kai ƙara ba. Kalma ɗaya a intanet ta isa ta rusa mutuncin wanda bai ji ba bai gani ba.

Mafi nauyin sakamakon a asibiti yake. Binciken ƙasa na 2018 ya sa masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49. A tsakanin maza masu neman maza kuwa, alƙaluman gwamnati sun tashi daga kashi 13.5 a 2007 zuwa kusan 23 a 2014. Wani nazari da aka yi a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya nuna masu tsoron zuwa asibiti a cikinsu sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 bayan dokar. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wanda ke tsoron ɗauri zai ɓoye wa likita. Idan aka tuna cewa da yawansu magidanta ne, za a gane wadda cutar ke iskewa a ɗaka: matar da ba ta san komai ba, da jaririn da ke cikinta.

Babu alamar limamai ko fastocin Kaduna za su sauya fatawa, kuma wannan waiwaye bai nemi su sauya ba. Amma addinan da suka haramta aikin su ne suka haramta bin diddigin asirin mutane da shaidar zur da ɗaukar doka a hannu, Musulunci ma ya tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi. Mai unguwa a Sabon Tasha ko a Rigasa zai iya riƙe aƙidarsa yadda take, ya kuma hana matasa dukan wanda ake zargi. Ma'aikaciyar jinya za ta iya riƙe tata, ta yi wa mara lafiya gwaji ta ba shi magani ba tare da ta tona shi ba. Waɗannan biyun ba sa jiran majalisa ta gyara wata doka.