Tunawa Da Dattawan Sabon Badun Da Suka Riga Mu Gidan Gaskiya

Duk wanda ya saba sallar Asuba a masallatan unguwar nan ya san sahun gaba ya sake fuska cikin 'yan shekarun nan. Dattawan da muka taso muka tarar suna shimfiɗa buzu a bayan liman tun kafin kiran assalatu sai tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙansu da rahama, amin.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a wurin sadakar uku ta wani dattijo, wanda ya shekara fiye da sittin yana harkar goro a garin nan. Ana zaune sai wani yaro daga cikin jikokinsa ya tambaya, wai shin Baba mutumin wane gari ne a Arewa? Nan fa aka hau musu. Wasu suka ce Kura, wasu suka ce a'a, Bebeji, wani kuma ya rantse cewa Bakatsine ne, karatu kawai ya kai shi ƙasar Kano. Aka watse ba a daidaita ba. Mutumin da duk Sabo ta san muryarsa, ga shi kwana uku da binne shi an rasa mai faɗin inda aka yanke cibiyarsa. Wallahi abin ya tsaya mana a rai.

To bari mu faɗi abin da muka riƙe, tun ba mu bi sawunsu ba.

Hausawa sun daɗe a Badun tun kafin a san za a yi wata unguwa mai suna Sabo. A cikin gari suke zaune, wajejen kasuwar Oja'ba, suna sauka a gidajen Yarbawa. A wancan zamani goro ba a ƙasar Yarbawa ake saro shi ba. Fatake, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su ke ɗaura wa jakuna kaya daga Kano su yi wata da watanni a hanya har Salaga ta ƙasar Gwanja. Da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai hanya ta soma karkata, ana ɗauko goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata ma, wanda ya rasu a 1955, ya yi wannan fatauci na bakin teku kafin ya koma Kano ya shahara da gyaɗa. Ana nan sai hanyar jirgin ƙasa ta iso Badun a 1901, ta kai Kano a 1911, manoman Yarbawa kuma suka dasa irin goron Gwanja a wajejen Agege da Otta da Ifo da Shagamu, ya kuwa karɓi ƙasar. Shi ke nan, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, mutanenmu suka yi ta kwararowa Kurmi.

A 1916 aka yanka mana wannan fili kusa da Mokola. Lokacin ma mai sarautar garin Baale ake ce masa, sai a 1936 sunan ya koma Olubadan. Ba za mu ɓoye ba, cikin dalilan da suka sa aka ware mu har da ƙorafin da ake yi cewa ɓarayi suna fakewa cikin baƙi. Shugabanninmu na lokacin suka karɓi filin, suka ɗauki nauyin sanin duk wanda ya kwana a cikinsa. Dattawan da muke binnewa yanzu 'ya'ya ne da yaran gidan waɗancan mutane, a hannunsu suka koyi sana'a.

Sana'ar kuwa biyu ce babba, goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kudu, kuma dukansu a kan mai gida suke tsaye. Yaran yanzu in sun ji an ce mai gida sai su ɗauka mai karɓar kuɗin haya ake nufi. Ina! Mai gida shi ne wanda falke zai sauka a wurinsa, ya ba shi ɗaki da tuwo safe da dare ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalansa, in ya yi rashin lafiya ya nema masa magani, in ya mutu ya yi masa sutura ya aika da dukiyarsa gida cif-cif. Abin da yake samu yana cikin la'ada.

Ku dubi harkar shanu. Saniyar Arewa ba ta jure Kurmi saboda ƙudan tsando. Wadda aka koro da ƙafa ta ƙetaro Jabba, ta biyo Ilori da Ogbomosho, kafin ta iso ta riga ta kwaso sammore, in ba a sayar da ita da wuri ba sai ta rame ta faɗi. Mahautan Yarbawa kuwa ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar da nama. Saboda haka bashi ake ba su. To, mutumin da ya taso daga Sakkwato ko Nguru, bai san mahaucin ba, ba ya jin Yarbanci, yaya za a yi ya miƙa wa baƙon ido shanunsa ya juya? Mai gida ne ke tsaya masa. Shi ya san wane mahauci ke biya, wane ne ya auri mata ta uku jarinsa ya yi rauni, wane ne ya ci bashin wani gida bai gama biya ba. In mahauci ya gudu, mai gida zai biya daga aljihunsa, don in ya bari labari ya kai Arewa cewa an ci kuɗin baƙo a gidan wane, to gidan ya mutu ke nan.

Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. A ƙidayarsa mutanen Sabo sun ɗan haura 4,000. Ya rubuta cewa ana sayar da shanu wajen 75,000 a shekara a karar Badun, kuma a kowane lokaci akwai bashin da ya kai kimanin fam 100,000 a wuyan mahauta. Fam dubu ɗari na wancan zamani fa, jama'a! Kuma duk wannan ba takarda, ba sa hannu, ba banki, ba lauya. Lissafin yana cikin kawunan dattawan nan. Mun san wani daga cikinsu, Allah ya kyauta makwancinsa, wanda har ya tsufa idonsa ya tafi yana iya lissafo maka mahautan da suka yi ciniki a gidan ubangidansa, da unguwar kowa, da wanda ya cika alkawari da wanda ya saɓa. Mukan zauna muna dariya, muna cewa tsoho ya fara zuba. Ba wanda ya yi tunanin ɗauko biro.

Goro ma haka. Mutanenmu su shiga ƙauyuka su sayo a hannun matan Yarbawa da suka ɓare shi suka wanke, a kawo sito a zauna tsinta, a ware fari da ja, a fid da goriya daban, marsa daban, minu daban, a jefar da mai sankara kada ya ɓata sauran. A ƙirga ƙwarya-ƙwarya, a jera cikin ganye, a ɗaure huhu da igiya tamau. Ɗaurin huhu ilmi ne mai zaman kansa, wanda bai iya ba kafin mota ta kai Zariya goron ya yi zafi ya lalace. Akwai tsofaffin da da ganin ɗauri za su ce maka wannan hannun yaran gidan wane ne. Huhun nan zai tafi Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, wani har Chadi da Sudan, a hannun mutumin da mai kayan bai taɓa gani ba, kuɗi kuma su dawo.

A gefen addini, waɗanda suka rasu kwanan nan suna yara ko samari lokacin da Sabo ta juya. Da can tare da Yarbawa ake zuwa Juma'a a babban masallacin cikin gari. A farkon shekarun 1950, bayan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya yi ta zuwa Kano, ɗarikar Tijjaniyya ta shigo unguwar nan da ƙarfi, kusan kowane gida ya karɓa, aka soma wazifa kullum da zikirin Juma'a da yamma. A 1952 Sabo ta tsai da tata Juma'ar. Abin bai yi wa malaman gari daɗi ba, an kuwa yi ta kai ruwa rana. Lokacin ne kuma siyasar jam'iyyu ta kunno kai, ga Action Group ta Awolowo, ga NCNC da Adelabu yake jan zarenta a Badun, kowa yana son ƙuri'ar Sabo, kowa kuma yana iya huce haushinsa a kanta. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978 wata muhawarar ta sake shigowa har cikin gidaje, uba yana wazifa ɗa yana gefe. Wannan mun gani da idonmu, ba mu kuma so mu tayar da shi a nan.

Inda muka fi jin rashinsu shi ne ranar tashin hankali. A 1966 da lokacin yaƙin basasa, da 1993 bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, sa'ad da motoci suka yi ta kwasar mata da yara zuwa Arewa, da 1999 da aka yi rikicin Shagamu har aka yi ramuwa a Kano, dattawan nan ba su gudu ba. Su ne ke sa babbar riga su tafi fada, su tafi wurin 'yan sanda, su zauna da shugabannin mahauta da na direbobi, su yi magana da Yarbanci mai karin magana wanda ko ɗan gari sai ya jinjina. Su dawo kuma su tsawata wa samarinmu masu zafin kai. Abin da ya ba maganarsu nauyi shi ne wanda suke magana da shi ya san ubansa ya ci bashin shanu a hannunsu an kuma yi masa haƙuri. Ko a rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, gidan Sarkin Sasa, Alhaji Haruna Maiyasin, jama'a suka nufa suka fake. Shi ma ya rasu a 2025, Allah ya gafarta masa.

Amma tarihi ba yabo kaɗai ba ne, kuma ba rashin kunya ba ne in mun faɗi inda aka yi sake. A watan Janairun 1955 gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe makarantar firamare kyauta. Maƙwabtanmu suka tura 'ya'yansu, mu kuwa yawancin gidaje suka ƙi, ana tsoron kada yaro ya bar sallah ko ya zama Bayarabe. Ga Jami'ar Badun nan tun 1948, tafiyar 'yan mintoci daga Mokola, amma 'ya'yan Sabo nawa ne suka shiga ta a shekaru talatin na farko? Sa'an nan wannan amana da ta riƙe kasuwa ita ce ta bar mu da rigima a gida. An sayi gida da baki, an ba da jingina da baki, an yi wasiyya da baki a gaban shaidu biyu, yau shaidun duk suna ƙasa. Magada suna kotu, wasu suna Kano ba su taɓa ganin gidan ba sai dai su aiko a sayar a raba, a rushe a yi shaguna. Kara ta koma Bodija, daga can ta koma Akinyele. Tirela da wayar hannu sun sa mai shanu ba ya bukatar kwana a gidan kowa. Tun da aka karya darajar naira a 1986 canji ya zama sana'ar da aka fi sanin Sabo da ita, har baƙo ya ɗauka da ma can abin da muke yi ke nan.

Kada kuma mu tsaya kan masu gida da alhazai. Akwai dattawan da ba su bar gida ko shago ba, 'yan dako da suka yi ta ɗaukar huhu a ka har wuyansu ya ƙage, da 'yan ga-ruwa, da wanzamai, da masu tsire, da maɗinka hula, da malaman allo da suka karantar da rabin unguwa a zaure ɗaya. Da yawansu sun zo cin rani ne na wata uku, da niyyar in sun haɗa kuɗin aure su koma, sai ga shi furfura ta riske su a nan. Mun tuna wani mai yankan farce da ke zama a bakin masallaci, kullum maganarsa in an yi Sallah zai tafi gida. Sallah ta yi ta zuwa tana wucewa. Ranar da ya cika ba a san kowa nasa ba, unguwa ce ta haɗa kuɗin likkafani, kuma jama'ar da ta bi gawarsa ba ta gaza ta wani attajiri ba.

Har gobe in za a ɗauki aiki ko a ba da gurbin karatu, sai a ce wa jikokin waɗannan mutane su kawo takardar shaidar asali. A nan a ce musu baƙi ne, in sun je Arewa a tambaye su gidan wa, su rasa amsa, a kira su 'yan Kurmi. Alhali kuwa kakansu da kakan kakansu suna kwance a ƙasar Badun, unguwar da aka haife su kuma ta haura shekara ɗari.

Don haka muna roƙon kowane gida ya zauna da tsofaffin da suka rage, musamman iyayenmu mata, don sun fi mu riƙe zumunci da sunaye. A rubuto sunan mamaci da laƙabinsa, da garin da ya fito, da gidan da ya fara sauka, da sana'arsa, da shekarar da ya rasu. In ba a san shekarar zuwansa ba a faɗi abin da ya faru a lokacin, ko zamanin fam da sule ne kafin naira ta fito a 1973, ko shekarar ambaliyar Ogunpa ta 1980, za mu lissafa. Wanda ke da tsohon hoto ko fasfon aikin hajji ko wasiƙar ajami a ƙasan adaka ya kawo wa sakataren ƙungiya bayan sallar Juma'a, za a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa a take. Wassalam.