Mabuɗin kwalba da hannun tsofaffinmu

 Yau tarihin wani ɗan ƙarfe za mu taɓa, wanda ake ɗaure wa zare a rataye a bakin butiki: mabuɗin kwalbar lemo, ƴan lekol su ce dekapsilar. Abin da ya kawo maganar, a gidajenmu akwai mutane da yawa da ɗan ƙarfen nan ya gagara, wato masu amosanin gaɓɓai, ciwon da muka fi sani da sanyin ƙashi.

A zamanin kakanninmu ba a san wannan wahala ba. Ruwa na cikin tulu, nono na cikin ƙwarya an kife da faifai, gorar matafiyi kuma toton masara ko ɗan tsumma ya ishe ta. Duk wanda zai iya ɗaga hannu zai iya buɗewa.

Marfin ƙarfe mai haƙora daga Amurka ya fito. Wani mutumin garin Baltimore mai suna William Painter ne ya yi masa rajista a 1892. Kafin shi masu lemon gas suna fama, iskar ta tura toshiya ta fice, abin sha ya lalace. Painter ya yi ɗan faranti na kwano mai haƙora 24 (na yanzu 21 ne, mai shakka ya ɗauki ɗaya ya ƙirga), inji ya matse shi a bakin kwalba gam. Da ya rufe sai ya zama dole ya nemo hanyar buɗewa, shi ne a 1894 ya yi rajistar mabuɗin. Ku lura da yadda abin ya jeru. Marfin aka fara yi, domin amfanin mai kamfani, mabuɗi ya biyo baya, shi kuwa hannun da zai riƙe mabuɗin ba wanda ya tsaya auna shi.

Mu nan ta kudu kwalba ta fi shigo mana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Magaria ta riƙa bin hanyar Kano tana fita, kayan kanti suna biyo hanyar suna shigowa. An kafa kamfanin Nigerian Bottling Company a Legas a 1951, Braniger kuma a Yamai a 1967. Amma ko yaro ya san Kano ta fi mana kusa da Yamai nesa ba kusa ba, shi ya sa har gobe lemon da ke butikinmu galibi na ƙetaren iyaka ne.

To yaya ƙarfen yake aiki? Bakinsa na gaba yana dafa saman marfin, haƙorinsa na ƙasa ya kama gefe, kai kuma ka ɗaga ƙotar. Dabarar da ake ɓamɓaro dutse da sanda ce. In ƙota ta yi tsawo ƙarfin da za ka sa ya ragu, in ka ninka tsawonta kusan rabin ƙarfin ya ishe ka. Wanda ake rabawa kyauta da tambarin kamfani kuwa gajere ne, ga shi fale-fale kamar reza. Sai ka danne shi tsakanin babban yatsa da manuni, kuma gindin babban yatsa na cikin wuraren da amosani ya fi kamawa a hannu. Kun ga inda gizo ke saƙa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 528 ne ke da amosanin da ke zuwa da cinyewar guringuntsin gaɓa, kusan kashi 60 cikin 100 mata. Akwai wani iri kuma, mai kumbura gaɓɓai, da ya kama wajen miliyan 18, shi ma mata ya fi. Mu da muka tashi muna ganin hannun da ya shekara arba'in yana riƙe taɓarya, yana jan guga, yana tuƙa tuwo da muciya, yana matse tunkuza don man gyaɗa, ba ma buƙatar a fassara mana lissafin.

Bayan kusan shekara ɗari, wani ya ɗauki maganar ƙota da muhimmanci a kasuwar Turawa. Wani Ba'amurke, Sam Farber, tsohon mai sayar da kayan girki, ya ga matarsa Betsey, mai amosani a hannu, tana wahala da ɗan ƙarfen feraye. Ya nemi masu tsara kaya na kamfanin Smart Design a birnin New York, suka zauna suna gwada ƙota iri-iri. A 1990 suka fito da kayan OXO Good Grips: ƙota mai kauri, ta baƙar roba mai taushi, ba ta santsi ko hannu da ruwa, kuma ba zagayayya sak ba don kada ta juya a tafin hannu. Abin mamakin, masu lafiyar hannu ma suka yi ta saye, don kowa ya ji daɗin riƙon. Har gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya ajiye ɗan ƙarfen ferayen nan cikin kayansa.

Gaskiya in muka karanta labarin Farber murmushi muke yi, don maƙeranmu da masassaƙanmu sun riga shi sanin wannan. Wa ya taɓa sayen hauya bai jinjina ƙotar ba? Ta yaro daban, ta magidanci daban, in ta yi kauri masassaƙi ya rage ta a gabanka. Hauyar tsaye ma, da Faransawa ke ce wa hilaire, an yi mata doguwar sanda ne da mariƙi a ƙarshe don manomi ya yi noma bai duƙa ba. Ƙasar Damagaram kuwa ba baƙuwar ƙira ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa an ƙera a Birnin Zinder. Jikokin waɗanda suka yi igwa ai mabuɗin kwalba ba zai ba su tsoro ba. Abin da ya faru kawai, mun ɗauka kayan kanti sai kanti, ba mu kai wa maƙeri maganar ba.

Yanzu ma wahalar ta sake kama. Kwalbar roba, wadda Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont ya yi wa rajista a 1973, ta cika gari, marfinta na murɗawa ne, ƙarami, ga zoben da sai ka tsinke shi. Murɗawa ta fi ɗagawa cin yatsu. A ciki ake zuba man gyaɗa, zoɓo, kunun aya, ga bidon na ruwa, ga kwalbar siro. Tsohuwa mai sayar da mai sai ta jira jika ya dawo daga makaranta, ko ta sa haƙori. Wallahi haƙoran da marfi ya ci a ƙasar nan ba kaɗan ba ne, na samari masu burga da na tsofaffi masu larura.

Ga abin da za a iya gaya wa maƙeri ranar kasuwa. Na kwalbar gilas, ya yi bakin kamar yadda aka saba, amma ƙotar ta kai santimita 20, a sa mata icce mai kaurin ƙotar lauje, a naɗe da robar cikin taya. Da haka tafin hannu gaba ɗaya ne zai danna. Wanda ya fi shi sauƙi shi ne na kafewa a jikin ginshiƙi ko kanta, irin wanda ake gani a jikin tsofaffin firigon lemo: ka saƙala marfin ka danna kwalbar ƙasa, ita kwalbar ce ta zama ƙota, hannu ɗaya ya isa. Na marfin roba kuma, ƙarfe biyu masu ƴan haƙora a haɗa su kamar bakin almakashi a buɗe, a kafe a ƙarƙashin tebur, a tura marfin ciki har ya cije, sannan a juya kwalbar da hannu biyu. Kafin a samu wannan, ɗan yankin robar taya da aka naɗa wa marfin yana hana santsi.

Ƙota dai ba ta maganin ciwon. Inna ko Baba da gaɓɓan yatsunsa suka kumbura a hannu biyu, ko suke sandarewa da safe har fiye da rabin awa, a kai shi CSI a duba, don irin mai kumburin nan yana lanƙwasa yatsu in aka bar shi. In za ku wurin maƙerin kuma ku tafi da mai hannun, ya riƙa ƙotar ya ji kafin a biya.