Tarihin Gidan da Ke Biyan Bashin Wutarsa

Abin da ake nufi da gida mai biyan bashin wutarsa shi ne gidan da, in an yi lissafi a ƙarshen shekara, wutar da ya samar da kansa ta yi daidai da wadda mazaunansa suka ƙona wajen ɗumama ɗaki, da dafa ruwa, da girki, da fitila. Watau lissafi ya tashi kunnen doki. Irin wannan gida ba a zana shi sai an duba wurin da zai zauna, da inda rana ke bi ta kansa, da yawan iyalin da za su shige shi. Nufinmu a wannan takarda mu bi sawun wannan sana'a tun daga farkonta, domin a cikin tarihinta akwai darasi guda wanda magina suka yi shekara kusan arba'in kafin su karɓe shi.

Masu tara rana

Farkon al'amarin a Amurka ne. Cikin 1939 malaman makarantar fasaha ta MIT, a ƙarƙashin Hoyt Hottel, suka gina wani ɗan gida a Cambridge ta jihar Massachusetts. Suka shimfiɗa baƙaƙen faranti a kan rufi, da bututun ruwa a cikinsu, sa'an nan suka binne wani tanki mai cin fiye da galan 17,000 a ƙarƙashin ɗakin. Dabararsu ita ce a tara zafin bazara a cikin ruwa, a ci shi da hunturu, kamar yadda manomi ke cika rumbu da kaka. Gidan kuwa ya ɗumamu, amma kuɗin tanki da faranti ya fi ƙarfin mai gida.

Cikin 1948 wata masaniya haifaffiyar Hungary, Maria Telkes, tare da mai zanen gini Eleanor Raymond, suka gina gida a Dover, nan cikin jihar. Maimakon ruwa sai Telkes ta cika gwangwanaye da wani irin gishiri wanda ke narkewa in ya ji ɗumi, ya kuma saki zafin in ya daskare. Abin ya yi aiki da fari, amma bai cika hunturu uku ba gishirin ya rabu da ruwansa, gwangwanayen suka yi tsatsa suka fara yoyo. Ga shi kuma a zamanin nan man fetur araha ne ƙwarai, saboda haka sha'anin ya kwanta.

Abin da ya tashe shi shi ne rikicin mai na watan Oktoba 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa suka hana wa waɗansu ƙasashen Yamma mai, kuɗin ganga ya ninka kamar sau huɗu cikin 'yan watanni. To, sai Turawan ƙasashen sanyi suka farga cewa ɗumin ɗakunansu a hannun wasu yake. Cikin 1975 Jami'ar Fasaha ta Denmak ta kammala wani gida a Lyngby, ƙarƙashin jagorancin Vagn Korsgaard, aka raɗa masa suna gidan da ba ya cin makamashi. Shi ma yana da faranti da ƙaton tanki, amma an ƙara masa wani abu: an cusa ulun dutse mai kauri a bango da rufi don tare zafi. Da aka yi awo sai aka ga tankin yana zubar da zafin da aka tara, ulun nan kuwa da ba a yi ta yayata shi ba, shi ne ya cika alkawari.

Masu toshe ɓaraka

Kanada ce ta fitar da ma'anar wannan awo fili. Gwamnatin lardin Saskatchewan ta nemi a gina mata gidan rana a birnin Regina, inda sanyi ke da tsanani ainun. Injiniyoyin da aka ba aikin, cikinsu har da Harold Orr, suka yi lissafi suka ga tara zafi domin gidan da ke yoyon iska daidai yake da ɗiban ruwa a kwando. Sai suka juya al'amarin. Suka ninka kaurin abin tare zafi, suka liƙe kowace kafa, suka fuskantar da yawancin tagogi kudu wajen rana, kana suka sa wata na'ura mai musayar iska, wadda ke karɓe ɗumin iskar da za ta fita ta ba sabuwar da ke shigowa. An gama gidan cikin 1977. Daga baya kayan kama rana da aka ɗora masa suka lalace aka cire su, gidan kuwa ya ci gaba da riƙe ɗuminsa.

Wannan hanya ce Bo Adamson na ƙasar Suwidin da Wolfgang Feist na Jamus suka ɗauka cikin 1988 suka mai da ita ƙa'ida. Cikin 1991 aka gina gidaje huɗu a jere a unguwar Kranichstein ta birnin Darmstadt, masu tagogi na gilashi ruɓi uku. Ƙa'idar, wadda Jamusawa ke kira Passivhaus, ta ce kada ɗumama gida ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kowace murabba'in mita a shekara, watau wajen kashi ɗaya cikin goma na abin da tsofaffin gidajensu ke ci.

Cikon lissafi

Da bukata ta ragu haka, sai biyan sauran ya zama abu mai yiwuwa. Farantin da ke mai da hasken rana lantarki tun 1954 aka ƙirƙiro shi a ɗakin binciken Bell na Amurka, amma tsada ta daɗe tana hana shi shiga gidaje. Cikin 1992 cibiyar Fraunhofer ta gina gida a Freiburg wanda ba a ja masa waya daga gari ba ko kaɗan, yana ajiye rarar bazara ta hanyar iskar haidirojin. Gwajin ya yi nasara, sai dai ya sake nuna cewa ajiya ita ce mai cin kuɗi. Mafita ta zo ta wajen doka: cikin 2000 Jamus ta wajabta wa masu layin lantarki karɓar wutar da aka samar daga rana, a kuma biya mai ita. Daga nan layin gari ya maye gurbin tanki. Gida ya ba da rance da bazara, ya karɓa da hunturu. A kan wannan tsari Rolf Disch ya gina unguwa mai gida 59 a Freiburg, waɗanda ke samar da fiye da abin da suke ci. Cikin 2010 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga ƙarshen 2020 kowane sabon gini sai ya kusanci wannan lissafi, a cikin waɗannan shekaru goma kuwa kuɗin farantin rana ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari.

Abin lura

In mun haɗa labarin nan wuri ɗaya, za mu ga na'urori masu ban mamaki su ne suka riƙa mutuwa, bango da rufi da taga su ne suka rayu. Tsarin da tarihi ya tabbatar shi ne: a fara rage bukata, sa'an nan a nemi abin biyanta.

A ƙasar Hausa abokin gaba zafi ne, ba sanyi ba, amma ƙa'idar ba ta sāke ba. Bangon tubali mai kauri, da rufin soro bisa azara, da ƙananan tagogi, suna jinkirta zafin rana har dare ya yi. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin kuwa yana shan zafi tun hantsi, sai a nemi fanka da na'urar sanyaya ɗaki su biya abin da bango ya kasa. Malamin da ke koyar da gini ko kimiyya zai kyauta in ya nuna wa almajiransa cewa wanda ya sayi faranti kafin ya gyara rufinsa, ya koma kan kuskuren 1939 ne. Faranti a kan sauya shi in ya tsufa, amma bango, yadda aka aza shi ran farko, haka jikoki za su gāje shi.