Jabal Marra a Kan Hanyar Alhazai: Dutsen da Kakannin Hausawan Managil Suka Wuce

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Managil, a yammacin Jazira ta Sudan, ya san cewa shimfiɗe take kamar faifai. Baƙar laka ce da miƙaƙƙun magudanan ruwa da gonakin auduga da gyaɗa da dawa, iya ganin ido, ba tudu ba gangare. Sai dai kakannin Hausawan da ke zaune a ƙauyukan wannan yanki ta ƙasa suka zo, wasu a ƙafa da jakuna, na baya kuma a manyan motoci. Wanda duk ya biyo ta Wadai da Darfur kuwa sai da ya wuce ta gefen Jabal Marra, dutse mai kurmi da ƙoramu da kaburburan sarakuna. Wannan takarda za ta duba tarihin dutsen, sannan ta yi ƙoƙarin amsa tambaya guda: me ya sa matafiya manoma suka wuce ƙasa mai ni'ima irin wannan, suka je suka yada zango a filin da ko inuwa sai an nema?

Dutsen da ruwansa

Jabal Marra jerin duwatsu ne a tsakiyar Darfur, asalinsu aman wuta. Ƙololuwarsa ta ɗan haura mita 3,000. A can sama akwai wani makeken kwari da ake kira Dariba, faɗinsa ya kai kimanin kilomita 5, da tafkuna biyu a cikinsa. Mutanen Fur, waɗanda su ne ma'abota dutsen, suna kiran ɗaya namiji ɗaya mace. Namijin ƙarami ne mai zurfi, macen kuwa ta fi faɗi, ba ta da zurfi, ruwanta na gishiri ne. Tun da can ana ɗaukar wurin a matsayin mazaunin iskoki, ba a zuwa da wasa.

Ruwan sama ya fi sauka a gefen yamma da kudu, shi ya sa can ne kurmi yake, can ne kuma ruwa ke tsirgowa daga kan duwatsu, kamar a Nyartiti da Golol. A nan ɗalibi zai lura da kalma. Balaraben Sudan yana cewa shallal, Bahaushe kuwa yana da matsirga, daga aikatau tsirga, sunan da har yau ake kiran wadda ke kusa da Kafanchan da shi. Wani abin lura shi ne, ruwan da ya sauka a yammacin dutsen ba Nilu yake nufa ba. Yana bin Wadi Azum ya shiga ƙasar Chadi, ya doshi kwarin Tafkin Chadi. Ke nan alhaji yana gabas, ruwan yana komawa inda alhajin ya fito.

Wanda ya tashi da safe daga Nyartiti ya kama hawa, zai bi ta tsakanin lambunan lemo da gwaiba da mangwaro, da gonakin da Fur suka yanka hawa-hawa a jikin dutse suka tokare da jeren duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Sama kaɗan akwai zaitun na daji da itatuwan ƙasashen sanyi waɗanda ma'aikatar gandun daji ta dasa. Masanin tsirrai G. E. Wickens, a littafinsa na 1976, ya lissafa ire-iren tsirrai fiye da 900 a wannan dutse. Kafin yaƙin Darfur, ɗalibai da ma'aikata sukan zo daga Nyala, har ma daga Hartum, su wuni a bakin matsirga su koma.

Turra da tsohon dutse

Muhimmancin Jabal Marra a tarihi ya wuce na shaƙatawa. Daga nan ne gidan sarautar Kaira ya taso, wanda Sulaiman Solong ya kafa daularsa a tsakiyar ƙarni na 17. A hankali sarakunan suka sauko fili, har Sarki Abdurrahman Arrashid ya kafa Alfashir wajen 1791. Amma ko da mulki ya sauka, gawa ba ta sauka ba. A Turra, cikin dutsen, ake binne sarakuna. Sarki Muhammadu Tairab a Bara ta Kordofan ya rasu, wajen yaƙi, amma sai da aka ɗauko gawarsa duk nisan nan aka kai ta Turra. Kowace shekara, gabanin bikin sake fatar tamburan sarauta, akan tura wakilai su yi yanka a kaburburan, malamai kuma su yi saukar Alƙur'ani. Wato wuri guda ya haɗa abu biyu, hubbare irin na Musulmi da kuma tsohuwar al'adar girmama kakanni wadda ta riga Musulunci.

Mafi daɗin bayani a kan dutsen shi ne na Muhammadu bin Umar Attunisi, wanda ya zauna a Darfur daga 1803 zuwa 1811, ya kuma hau dutsen da izinin sarki. Ya ba da labarin damzoga, wasu iskoki da mutanen dutsen ke bar wa tsaron dabbobi da dukiya, har ba a bukatar makiyayi. Ya kuma ambaci wani dattijo, shugaban dutsen, wanda mutane kan taru wurinsa a wata rana ta shekara, ya faɗa musu abin da shekarar za ta zo da shi, ruwa ko fari, yaƙi ko zaman lafiya.

Ɗalibin da ya karanta Tarihin Kano ba zai rasa tuna Barbushe ba, mai Dutsen Dala, wanda kan shiga wurin Tsumburbura ya fito ya shaida wa jama'a abin da zai auku a shekara. Kamar ta yi yawa, har mutum zai so ya ce wani ya ara daga wani. A ganina bai kamata a yi saurin faɗin haka ba. Manomi a ko'ina cikin wannan shiyya tambayarsa ɗaya ce, ko damina za ta yi kyau. Dutse kuwa shi ne inda hadari ke fara haɗuwa, kuma nan ne mafaka ranar hari. Ba mamaki idan al'ummu biyu da ke nesa da juna suka ɗora mai duba a kan dutse. Bambancin da ya fi amfani shi ne wannan: a Kano birni ya haɗiye Dala, aka rushe wurin tsafin, ya zama labari. A Darfur kuwa birni ne ya bar dutsen, sai dutsen ya riƙe alfarmarsa. Sarki Ali Dinar, na ƙarshe, da Turawan Ingila suka ci Alfashir a 1916, wajen dutsen ya nufa, a wannan yanki kuma aka kashe shi a watan Nuwamba na shekarar.

Me ya hana alhazai zama?

Hanyar alhazai ta ƙasa tana tashi daga Kano ta bi Yerwa, ta ƙetare Chadi zuwa Abeshe, ta shiga Darfur ta Janaina. Daga nan ko dai a bi arewacin dutsen ta Kabkabiya zuwa Alfashir, ko kudancinsa ta Zalinje da Kas zuwa Nyala. Tafiyar ta ƙaru ƙwarai bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Hausawa sun zauna a biranen Darfur, suna fatauci da sana'a, amma yawancin manoman gaba suka yi.

Dalili na farko ƙasa ce. Gonar da aka gina da hannu, dutse a kan dutse, tana da mai ita, kuma sarautar Fur ta riga ta raba ƙasa ga dangogi da masu riƙe da hakura. Baƙo yana iya samun aro, amma ba wurin kafa gari ba ne. Na biyu, kuma shi ne babba, alhaji ba abinci kaɗai yake nema ba, kuɗi yake nema na jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Jabal Marra yana ba da gero da alkama da 'ya'yan itace, amma Jazira ce ke biyan lada da tsaba. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga, sai aka shiga neman masu tsinka ido rufe. Faɗaɗawar Managil, daga 1957 zuwa farkon shekarun 1960, ta ƙara kimanin fadan 800,000, ta sake janyo dubban ma'aikata. Jirgin ƙasa ya iso Nyala a 1959, wanda ya sa tsallake Darfur ya ƙara sauƙi.

Na uku ya shafi zuciya. C. Bawa Yamba, a bincikensa na 1995 kan Hausawan Jazira, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan ke ci gaba da ɗaukar kansu matafiya a kan hanyar Makka. Mai irin wannan niyya ba ya son gonar da sai an shekara goma ana gini. Bukka a gefen magudana, wadda ake kira kambo, ta fi dacewa da wanda ke cewa baɗi zai wuce. Abin da ya biyo baya shi ne, mutanen Fur da sauran kabilun Darfur su ma suka biyo sawu neman aikin auduga, suka zama maƙwabtan Hausawa a waɗannan kambo-kambo, yawancinsu ba mai hawasha, wato gonar da hukumar noman ke yanka wa manomi, sai ƙodago ko noman raba-daidai.

Dutsen da ɗan Managil zai iya zuwa ya dawo a yini shi ne Jabal Moya, yamma da Sinnar. Ba shi da kurmi, amma yana da nasa tarihi. Henry Wellcome ya yi haƙa a can daga 1910 zuwa 1914, aka tono gawawwakin mutanen da fiye da 3,000, haƙar da aka sake farawa a 2017 kuma ta gano dawar gida mai shekara fiye da 4,000.

Duka duwatsun biyu yaƙi ya same su. Tun 2003 Jabal Marra ya zama sansanin 'yan tawayen Abdulwahid Annur. A yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamba, jama'a da yawa suka gudu Managil, sannan suka kama Jabal Moya a Yunin 2024, soja suka ƙwato shi a Oktoba. A Darfur kuwa, masu gudu daga sansanin Zamzam da Alfashir a 2025 Tawila suka nufa, a gindin Jabal Marra, wasu suka haura cikin dutsen kansa. A ranar 31 ga Agustan shekarar, bayan mamakon ruwa, ƙasa ta zaftare a kan ƙauyen Tarasin da ke cikin dutsen, ta binne gidaje da mutanen da ke ciki.