Me Ya Sa Sanda Take Karyewa A Cikin Ruwa?

Wani mai sauraronmu daga Tafoki, a Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, yana tambaya: me ya sa in ya tsoma sanda a rafi sai ya gan ta kamar ta karye, kuma wa ya fara gano dalili?

To malam, sandarka lafiyarta ƙalau, haske ne ya karkace. A cikin iska haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, a ruwa kuwa wajen 225,000. Dubi amalanke: in ƙafa ɗaya ta riga ɗayar shiga yashi, ai sai ta karkata. Haka haske yake yi a iyakar iska da ruwa, ko iska da gilashi.

An daɗe ana bin diddigin wannan abu. A ƙarni na 2 na Miladiyya, Batlamus na Iskandariyya a ƙasar Masar ya auna karkatar. Ya kuma bayyana wani gwaji da kai ma za ka iya yi: sa kwabo a gindin kwano, ka ja da baya har ya ɓace maka, a zuba ruwa, sai ga kwabo ya bayyana.

Wajen shekarar 984 wani malami a Bagadaza, Ibnu Sahal, ya fitar da lissafin karkatar daidai. Bayansa Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Aikin Ibnu Sahal ya ɓace wa duniya, har wani Bature ɗan ƙasar Holan, Snell, ya sake gano lissafin a 1621, shi ya sa a makaranta ake kiran dokar da sunansa. Sai a 1990 masanin tarihi Roshdi Rashed ya haɗa takardun Ibnu Sahal, aka gane wanda ya riga. Tabarau ɗin da dattawa suke karatu da shi, da wannan karkatar yake aiki.

Amma ga abin lura, malam. Karkatar nan takan sa gindin ruwa ya zama kamar yana kusa. Ruwan da ka leƙa ka ga kamar kamu uku ne, to kamu huɗu ne, in kuma daga bakin gaɓa ka hango, ruɗin ya fi haka. Saboda haka a ja wa yara kunne, musamman da damina: kada su yarda da ido, a fara aunawa da sanda. Allah ya kiyaye, amin.