Georges Condat: ɗan Maraɗi da ya zauna a majalisar Faransa

Kwanakin baya na tambayi 'yan ajina wane ne ɗan Maraɗi na farko da ya zama ɗan majalisar ƙasa. Kowa ya kawo sunan wanda yake ji a rediyo. Da na ce Georges Mahaman Condat, sai wata yarinya ta ce, "Malam, ai wannan sunan Nasara ne." Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami.

An haifi Condat a Maraɗi a 1924, ubansa Bafaranshe, uwarsa 'yar ƙasa. Ya yi ƙuruciya a zamanin tsohon gari na cikin kwari, wanda ambaliyar Gulbi ta ci a 1945 har aka tayar da shi zuwa tudu. Lokacin gyaɗa ce dukiyar yankin, magana kuma tana hannun kumandan da sarakuna: Sarkin Katsina a Maraɗi, Sarkin Gobir a Tibiri.

A 1946 aka kafa jam'iyyar PPN-RDA, Diori Hamani ya tafi majalisar Faransa a ƙarƙashinta. Turawan mulki ba su yarda da ita ba. Don haka a 1948, zamanin Gwamna Jean Toby, aka kafa UNIS a nan Maraɗi, da goyon bayan gwamnati da sarakuna. A shekarar aka ƙara wa Nijar kujera ta biyu, Condat ya ci, bai wuce shekara 24 ba. A 1951 ya sake ci tare da Zodi Ikhia, Diori ya faɗi.

A nan nake so malamai su tsaya. Wa ya zaɓe shi? A lokacin ba kowa ke jefa ƙuri'a ba. Akwai sharuɗɗa, kuma yawancin manoma da mata ba sa cikin rajista. Manomin Jiratawa da ya yi noman gyaɗa ya biya haraji, sau da yawa sai dai ya ji labari an yi zaɓe. Wanda ya samu kati kuwa, yakan duba inda sarki ya karkata. Sai dokar 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji.

Condat ya karanci iskar. Ya bar UNIS, daga baya shi da Issoufou Saidou Djermakoye suka jagoranci BNA, ya riƙe kujerarsa a zaɓen Janairun 1956. Kafin shekarar ta ƙare, BNA ta haɗe da jam'iyyar Djibo Bakary, wadda talakawa suka sani da Sawaba. A Maris 1957 suka ci kujera 41 cikin 60, Condat ya zama shugaban majalisar yankin Nijar a Yamai. Wato mutumin da gwamna ya ɗaure wa gindi ya koma tafiya da masu neman Faransa ta tattara nata.

Tafiyar ba ta yi nisa ba. A ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta ce "a'a", sakamako ya fito "i". Aka rushe majalisar, shugabancinta ya koma hannun Boubou Hama, a 1959 aka haramta Sawaba. Bayan 'yancin kai Condat ya yi aikin jakadanci, ya rasu a 2012.

Wasu za su ce mai bin iska ne, wasu su ce ya gane zamani ya juya. Ni ban yanke wa ɗalibaina hukunci ba. Na dai ba su aikin gida: kowa ya je wurin kakarsa ko kakansa, a Maraɗi ne, ko Tibiri, ko Jiratawa, ya tambaya yaushe aka fara jefa ƙuri'a a gidansu, kuma wa ya faɗa musu wanda za su zaɓa. Iyaye, idan yaro ya zo da wannan tambaya, don Allah a zaunar da shi a ba shi amsa.